Bindigar farko a Amurka: wacce ce ba ta tsandar harsashi mai araha?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana. Ina jihar Ohio, ina so in sayi bindigata ta farko don koyon saiti a filin harbi, in hali ya yi kuma a ɗan taɓa farautar kurege da zomo. Dala 500 na ware, komai da komai. Wadda nake nema ita ce wadda za ta ci harsashin nan mai araha da ake sayarwa ɗari biyar-biyar a kwali ba tare da tana cijewa ba. Wasu sun ce Ruger 10/22, wasu sun ce in nemi mai sakata, wato wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. A taimaka da shawara.

Kawu Maharbi: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a kai ga wacce za ka saya, da wace takarda kake zaune? Ɗan ƙasa da mai katin zaman dindindin, dokar tarayya ta ba su dama. Wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara, asali an hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kuma hanyar da aka fi bi ita ce lasisin farauta mai aiki. A shagon dillali mai lasisi za ka cike fom 4473, a tura sunanka a bincika, shekara 18 ne mafi ƙaranci ga doguwar bindiga. Kada ka sa wani ya cike fom ɗin da sunansa alhali kai ne mai saye, wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, da kai da shi.

Sabon Shiga: Katin dindindin ne da ni Kawu, shekaruna kuma sun wuce talatin.

Makerin Zamani: To madalla. Da wannan kuɗin da wannan niyyar, zancen nau'in harsashi ya ƙare: .22 LR. Babu wani da ya kama ƙafarsa a araha. A 'yan shekarun nan na kwali yakan kama senti 6 zuwa 8 kowane ɗaya, yayin da harsashin manyan bindigogi irin 5.56 ke cin ninki biyar ko shida na wannan. Ba ya dukan kafaɗa, don haka ba zai koya maka runtse ido kafin ka ja kunama ba.

Amma bari in yi bayanin dalilin da mai arahar yake ba da matsala, don daga nan ne zaɓin bindigar zai fito.

Shi .22 LR tsohon tsari ne, tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da shi. Sinadarin da ke kunna albarushinsa ba a tsakiyar gindi yake ba kamar manyan harsasai, a cikin leɓen kwanson yake zagaye. Ana ɗiga shi yana jiƙe, a juya kwanson da gudu har ya bazu cikin leɓen. In bai bazu ko'ina ba, sai a bar gurbi. Allurar bindiga ta faɗa daidai kan gurbin, ka ji ƙas, shiru. A layin da ake buga miliyoyi don sayarwa a kwali, irin wannan ya fi yawa. Na biyu, awon albarushin ba ya zama daidai ɗaya da ɗaya, wani ya fito da ƙarfi, wani sanyi-sanyi, har a kunne ana jin bambancin. Na uku, dalmar harsashin faɗinta ɗaya da kwanso, kuma a waje ake shafa mata kaki. Wannan kakin yana haɗuwa da tokar albarushi ya zama wani baƙin danƙo a mazaunin harsashi da fuskar sakata.

Yanzu duba. Bindiga mai ɗana kanta irin 10/22, ƙarfin harsashin ne kaɗai yake tura sakata baya, ta fitar da kwanso, ta danne sifirin, ta dawo ta ɗauki sabo. Harsashi mai sanyi ya zo, sakata ba ta kai ƙarshe ba, sai kwanso ya maƙale a ƙofa a tsaye. Ita kuwa mai sakatar hannu, hannunka ne injin. Mai ƙarfi, mai sanyi, mai dauɗa, duk ɗaya ne a wajenta. Saboda haka in tambayar ita ce wacce ba ta tsandar harsashi, amsa mai sakata ce: Savage Mark II ko Ruger American Rimfire.

Baban Hanif: Makeri ka yi bayani, amma ka ɗan tsorata yaron nan da 10/22 fiye da kima. Bindigar da ake ƙerawa tun 1964 ba a daina ba, ai ba banza ba. Magazin ɗinta, wato gidan harsashi, mai juyawa mai cin 10 yana daga cikin mafi aminci da aka taɓa yi wa .22, domin yana ware leɓen kowane harsashi daga na ɗan'uwansa, ba sa hawa kan juna. In aka ba ta harsashi mai gudu sosai, wato ƙafa 1,200 zuwa sama a daƙiƙa, mai zagayayyen kai, tana tafiya lafiya. Federal AutoMatch mai 325 a kwali, nauyin dalmarsa giren 40, ƙafa 1,200. CCI Blazer giren 40, ƙafa 1,235. Aguila Super Extra na Meziko. Waɗannan duk na araha ne kuma tana cin su. Ga kayan gyaranta ko'ina, kowane shago.

Makerin Zamani: Ai ka faɗa da bakinka Baban Hanif: "in aka ba ta". Ma'ana tana zaɓe. Sa mata CCI Quiet mai ƙafa 710 ka ga ko za ta fitar da kwanso ko sau ɗaya. Kuma lokacin da harsashi ya yi wuya, irin 2013 zuwa 2014 da kuma 2020, ba wanda yake zaɓe, abin da ka tarar a kanta shi za ka ɗauka.

Baban Hanif: Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Maman Ilham: Akwai abin da ba ku lissafa ba. Mai ɗana kanta tana cinye harsashi. Sabon hannu da 10/22 zai zazzage magazin cikin daƙiƙa biyar, ya ji daɗin ƙarar, bai koyi komai ba. Mai sakata tana tilasta masa tsayawa bayan kowane harbi, ya sake numfashi, ya sake saiti. Kwali ɗaya mai 500 zai yi masa zuwa fili uku ko huɗu maimakon ɗaya. In arahar ake nema, nan ma araha ce. Sannan ta fuskar tsaro, 10/22 ba ta barin sakata a buɗe bayan harsashin ƙarshe, dole ka ja ka duba da idonka. Mai sakatar hannu kuwa ka ɗaga, ka ja baya, kowa a layin yana ganin a buɗe take.

Sabon Shiga: Na gode Hajiya. To tsakanin Savage ɗin da Ruger American ɗin fa?

Makerin Zamani: Savage Mark II ta fi araha, mai jikin roba takan kama ƙasa da dala 300, kuma kunamarta AccuTrigger tana da daɗi, ana iya sassauta ta. Inda take da rauni magazin ne: na gwangwani ne mai layi ɗaya, in leɓensa ya ɗan buɗe sai harsashi ya riƙa tsalle ko ya soki gefen mazauni. Ruger American Rimfire ta ɗan fi tsada, amma magazin ɗin 10/22 take amfani da shi, ka ga ka samu abin da Baban Hanif yake yabo ba tare da abin da nake kuka da shi ba. Nauyin jan kunamarta ana daidaita shi tsakanin laba 3 zuwa 5, tana zuwa da abin saiti na ƙarfe, kuma ana canja bayan gindinta, akwai mai tudun kunci don wanda ya ɗora madubin saiti. Ni ita zan nuna maka. CZ 457 ta ƙasar Cek ta fi su duka kyawun aiki, sai dai ita kaɗai za ta cinye ɗari biyar ɗin, ba madubi ba harsashi.

Ɗan Tsohon Hannu: Ba wanda ya ambaci Marlin Model 60? Tun 1960 take, harsashi 14 a bututun da ke ƙarƙashin hanci, kuma a shagunan tsofaffin kaya ana samunta da arha ƙwarai. Sai Henry H001 mai liba, wato hannun da ake ja ƙasa a ɗana ta, tana cin 15, kuma tana harba nau'o'in .22 uku, Short da Long da LR, duka. Ita ma hannu ne injinta, ba ruwanta da sanyin harsashi.

Kawu Maharbi: Henry ɗin ba laifi. Abin lura da masu bututu: wajen lodi hannunka yana kusa da bakin bindiga, don haka sai an buɗe ta an tabbatar ba komai a ciki kafin a zare sandar. Wajen sauke lodi kuma harsashi ɗaya yakan laƙe a bututun saboda kaki ko lotsawa, ka zaci ta ƙare, ka ja liba ya hau. A riƙa ja ana sakewa har sai an ga kan abin turawa da ido. Model 60 kuwa, Ruger ta sayi Marlin a 2020, aka dakatar da ƙera ta a lokacin, don haka tsohuwa za ka samu, kuma in cikinta ya yi dauɗa kwance shi ya fi na 10/22 wahala nesa ba kusa ba. Ga sabon shiga ban so ta ba.

Ɗan Tsohon Hannu: In dai zai duba tsohuwa, ko wacce iri, ga abin dubawa. Ka haska fitila a leɓen mazaunin harsashi daidai inda allura ke sauka. In ka ga ɗan lotso ko ƙarfe ya tattaru, an sha jan kunamarta ba harsashi, allurar tana dukan ƙarfe. Wannan tsinin shi ke riƙe kwanso ya ƙi fita. Ka duba bakin hanci, zagayen ya zama sumul ba tabo, don rauni kaɗan a nan yana watsa saiti. Ka leƙa cikin bututun hancin, in ka ga wani zobe mai duhu a tsakiya, ka shafa daga waje ka ji kumburi, an taɓa harba harsashi a bayan wanda ya maƙale. Ajiye musu kayansu.

Sabon Shiga: Wato ba a jan kunama in ba harsashi?

Makerin Zamani: A yawancin tsofaffin .22 ba a yi. Ruger ta ce 10/22 ana iya yi, don akwai ƙusar da ke tare allurar kafin ta taɓa ƙarfe. Kowace dai ka karanta littafinta. In kana son atisayen jan kunama a gida, sayi robar nan rawaya da ake kafa noti da ita a bango, lamba 4 zuwa 6, tana shiga mazaunin .22 daidai, allura ta riƙa sauka a kanta. Kana juya ta bayan 'yan bugu. Kuma lokacin atisaye kada harsashi na gaske ya kasance a ɗakin ma.

Baban Hanif: Mu dawo kan harsashin, don nan ne mutane suke asarar kuɗi. Kada ka sayi guga mai 1,400 don ka ga ya yi arha. Bindiga biyu iri ɗaya daga kamfani ɗaya, wannan ta so wani harsashi waccan ta ƙi shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka sayi ƙananan kwalaye masu 50 ko 100 na iri biyar ko shida. Ka kafa takarda a yadi 50, ka ɗora bindiga kan buhun yashi gaba da baya. Kowane iri ka fara harba 10 zuwa 15 a gefe ba ka ƙirga ba, domin kakin wancan yana cikin bututu, sai na wannan ya shafe shi saitin ke zama. Sannan ka harba rukuni biyar, kowanne harsashi biyar. Ka auna faɗin kowane rukuni, ka rubuta, ka rubuta nawa suka ƙi tashi. Wanda ya yi nasara ka duba lambar zubi da ke jikin kwalin, in shagon na da irinta ka kwasa. Da harsashin kwali, inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yadi 50 ba abin kunya ba ne, kuma ya ishi kan kurege.

Maman Ilham: Kuma kada ya yi mamaki in mai ƙarancin gudu ya fi tara rukuni. Sauti yana tafiyar kusan ƙafa 1,125 a daƙiƙa. Mai 1,235 yana fita sama da sauti, kafin yadi 50 ya faɗo ƙasa da shi, a wannan tsallakawar yakan ɗan girgiza. CCI Standard Velocity mai 1,070 bai taɓa haurawa ba balle ya faɗo. Ya ɗan fi na kwali tsada, amma mai sakata tana son sa.

Ɗan Tsohon Hannu: Waɗanda aka fi kuka da su fa a faɗa masa. Remington Thunderbolt ya yi suna wajen barin dalma a bututu, musamman in ana harbi da sauri bututun ya yi zafi. Alamarsa, saiti ya watse farat ɗaya, ramukan takarda su koma kamar harsashin a kwance ya shiga. Winchester mai 333 da mai 555, giren 36, kansa mai rami ne da faɗi, yakan yi tuntuɓe a bakin mazauni a wasu masu ɗana kansu. A mai sakata ba ya damun kowa.

Kawu Maharbi: Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Harsashin kwali dole wani ya ƙi tashi, abin da ake so ka san me za ka yi. Ka ja kunama ka ji ƙas: kada ka ɗago, kada ka juyo kana tambayar na kusa da kai da bindiga a hannu. Bakinta na kallon takarda, ka ƙirga daƙiƙa 30, don wani yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Sai ka buɗe ka fitar. Dubi gindinsa. In tabon allura ya shiga sosai, laifin harsashi ne, wasu sukan juya shi allurar ta sami wani gefen, in ba ka so ka jefa shi akwatin da filin ya tanada. In tabon sama-sama ne kuma abin yana maimaituwa, laifin bindiga ne, danƙo ya hana sakata rufewa ruf ko ya cika ramin allura.

Wanda ya fi haɗari shi ne ka ji ƙara 'yar ƙarama, fus, ba irin ta kullum ba, kuma ba rami a takarda. Tsaya cak. Dalmar na iya kasancewa a cikin bututu. Cire magazin, zare sakata, leƙa daga baya. In ba ka ga haske ba, a tura ta da sandar wanki. Wanda ya harba na biyu a kai shi ne mai bindigar nan mai kumburi da aka ambata ɗazu.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Wanki fa, bayan harbi nawa?

Makerin Zamani: Da na kwali, duk 300 zuwa 500 ka wanke mazauni da fuskar sakata. Bututun kansa ba ya buƙatar gurza kullum, yawan cusa sanda ya fi kashe bututun .22 fiye da harbi. Ga yadda ake yi a mai sakata irin Ruger American. Magazin waje, duba mazauni, danna maɓallin sakin sakata ka zare ta. Ɗiga ruwan wanki a buroshin tagulla na .22, ka shigar daga baya kamar inci ɗaya da rabi, ka murza. A nan ne baƙin zobe yake taruwa, daidai inda kwanso ya ƙare, kuma shi ne yake sa harsashi ya yi tauri wajen shiga, kwanso ya yi tauri wajen fita. Sai ka bi da ƙyalle daga baya zuwa gaba har ya fito fes. Ɗauki tsinken sakace ka kwakule ƙarƙashin ƙugiyar da ke jawo kwanso, da ramin da take shiga a gefen bututu. Rabin kukan "ba ta fitar da kwanso" daga wannan ramin yake. Mai kuwa ɗigo biyu a jikin sakata ya isa, a goge. Ba a sa mai a ramin allura, ba a sa shi a magazin. Mai da toka in sun haɗu taɓo suke zama, ga sanyin Ohio kuma ya daskarar da shi.

Baban Hanif: Ga mai 10/22 da ke karantawa, ita ba a shiga bututunta daga baya da sanda, akwatin ya tare. A yi amfani da igiyar wanki, a zura ta ƙofar kwanso a jawo ta baki. In ta fara tsayar da kwanso a ƙofa bayan an wanke, canja ƙugiyar, ta kamfanin Volquartsen ba ta da tsada, aikin minti goma ne. Notin da ke ɗaure mazaunin madubi kuma a bi shi a hankali, akwatin alminiyom ne, zaren yana cinyewa.

Maman Ilham: Lissafin ɗari biyar ɗin: bindiga ta ci wajen 300 zuwa 350. Abin toshe kunne da tabarau, ba a shiga fili babu su, ƙarar .22 tana kai wa desibel 140. Makulli yana zuwa a kwalin sabuwa, amma in da yara a gida a nemi akwatin ƙarfe mai kulle, harsashi a wani wuri daban. Ragowar harsashin gwaji. Madubi ya jira wata biyu, a fara da saitin ƙarfe a yadi 25. In an tashi saye a nemi wanda aka yi don .22, domin an daidaita shi a kusan yadi 50, na manyan bindigogi kuwa a 100 ko fiye, a kusa yana yaudarar ido. Mai ƙara girma sau 4, ko 2 zuwa 7, ya wadatar. Wajen murɗa shi, in an rubuta kowane ƙas kwatan inci ne a yadi 100, to a yadi 50 ƙas takwas ne inci ɗaya, a yadi 25 sha shida. Kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, dalma ce.

Sabon Shiga: Wani ya ce mini gara in tara in sayi mai cin .223 gaba ɗaya, wai har barewa za ta yi.

Kawu Maharbi: Ba a Ohio ba. Can, a irin waɗannan bindigogin, ta barewa sai mai harsashi miƙaƙƙen kwanso, daga .357 zuwa .50, irin .350 Legend. .223 ba ya ciki, .22 LR ma ba ya ciki. Arahar .223 ɗin ma da ake magana, a da yawancinta na Rasha ne mai kwanson ƙarfe, kuma tun 2021 Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da shi. Filaye da dama ma ba sa yarda da shi, da maganaɗisu suke gwada harsashi a bakin ƙofa. Kuregenka dai, lokacinsa na buɗewa 1 ga Satumba, sai ka yi kwas ɗin mafarauta ka karɓi lasisi. Ka saita a yadi 50, ka sani a yadi 100 zai faɗi kamar inci 5 zuwa 6. Kuma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, a jikin kwalin an rubuta yana da haɗari har mil ɗaya da rabi. Kurege a kan reshe, sai gangar itacen tana bayansa ake harbi.

Ɗan Tsohon Hannu: Ƙarin abu ɗaya tunda muna zuwa gida. Jakar da kake zuwa fili da ita kada ta zama jakar tafiya. Harsashin .22 ƙarami ne, yana ɓuya a ɗinki. Ko ɗaya aka gani a filin jirgi, nan ko Kano ko Abuja, magana ce babba.

Sabon Shiga: Na fahimta. Ruger American ɗin zan duba ranar Asabar. Mai hanci inci 18 ko mai 22?

Makerin Zamani: .22 LR yana gama ƙone albarushinsa wajen inci 16 zuwa 18, don haka dogon ba zai ƙara maka gudu ba. Amfaninsa tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, da ɗan rage ƙara a kunne. Tunda da saitin ƙarfe za ka fara, kuma kai babba ne, ɗauki mai 22, don mai 18 ɗin gindinta gajere ne. Ka sa ta a kafaɗa a shagon ka ji. Kuma ka karanta abin da aka buga a jikin bututu, ya zama 22 LR, domin irin wannan bindigar ana yin ta a .22 WMR da .17 HMR, a kanta kuma kamarsu ɗaya. In ka sa LR a mazaunin WMR kwanson tsagewa yake yi.